Matakalar da Ba a Taɓawa

A ofishin zanen gine-gine da ke saman shagon sayar da fenti, akwai wani mutum da ake kira Baba Kar-a-taɓa. Ba zafin rai ne ya jawo masa sunan ba, don a duk ofishin babu mai sanyinsa. Kalmar da ya fi furtawa ce ta manne masa. Da zarar wani ya sunkuyo ta kafaɗarsa yana kallon allon kwamfuta, ya miƙa hannu wajen linzamin kwamfutar, sai Baba ya ce a hankali, "Kar a taɓa wurin."

Wurin kuwa matakala ce ta hawa bene, wadda ke cikin kowane zane da ofishin ya mallaka. Duk wanda ya kai kibiyar linzami kanta ya danna, sai allo ya yi fari fat, manhajar zane ta sandare, sannan ta rufe kanta ta tafi da duk aikin da ba a adana ba. Abin da ke saura shi ne wani ɗan akwati a tsakiyar allo yana ba da haƙuri. A kan wannan matakala kujerar Baba take zaune a ofishin, ko da yake shi ne na ƙarshen yarda da hakan.

Ubansa kafinta ne, mai yin ƙofofi da tagogi, irin mutanen da ba sa jefar da guntun katako. Yaron ya taso da tsabtar hannu wajen jan layi, aka kai shi makarantar koyon sana'a, daga nan tsohon Injiniya, mai ofishin, ya ɗauke shi ya ba shi tebur mai gangare da rula da fensir. A wancan zamani idan za a zana sabon gida, sai a shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan tsohon zane a bi layin abin da ake so. Babu mai hankalin da zai zauna zana banɗaki tun daga tushe alhali ga banɗaki a durowa.

Da kwamfuta ta shigo ofishin, abokan aikinsa suka watse. Ɗaya ya koma sayar da tayil, ɗaya ya ce hasken allo yana sa masa hawaye, ya tafi bai dawo ba. Baba ya zauna ya koya da yatsa ɗaya, har ya iya. Sai dai ya shigo wa manhajar da ɗabi'ar tebur. Bai taɓa buɗe farin shafi ba. In sabon aiki ya zo, sai ya buɗe zanen aikin da ya gabata, ya sake masa suna, ya goge abin da ba ya so, ya ja bango nan, ya tura taga can. Ta haka kowane zane ya zama ɗan na baya, jikan na bayansa. Makaranta ta haifi masauki, masauki ya haifi gidan wani ɗan kasuwa, gidan ɗan kasuwa ya haifi ɗakin ajiyar siminti, kowanne kuma yana ɗauke da jinin iyayensa a ciki.

Matakalar baƙuwa ce a wannan zuri'a. Wani kamfani na nesa ne ya taɓa aiko da zane a wani aikin haɗin gwiwa, cikinsa akwai ita: kyakkyawa, mai lanƙwasa a tsakiya, da wurin hutawa, da ƙarfen riƙewa. Baba ya yi sha'awarta, ya kwafe ta ya sa a zanensa. Ta zauna lafiya har ranar da aka sabunta manhajar. Washegari ya danna ta, aikin safiya ya tafi. Ya sake dannawa don ya tabbatar, ya kuwa tabbatar. Da wani ne, da sai ya je ya gaya wa mai ofis. Baba ya duba ya ga tsohon Injiniya yana fama da hawan jini, ga wanda ya kawo aikin a zaune a ƙofa yana jira, sai ya bar kaza cikin gashinta. Kafin la'asar ya gane abu biyu. Ba a iya goge matakalar ko matsar da ita, domin kafin a yi wa abu komai a manhajar sai an zaɓe shi, zaɓen kuma shi ne ajali. Amma ana iya matsar da duk abin da ke kewaye da ita. Sai ya matsar da gidan.

Tun daga ranar ofishin ya daina zana gida ya sa masa matakala, ya koma ajiye matakala ya zana mata gida. Wanda ya zo yana son tasa a hagu, sai a nuna masa cewa iska ta fi shiga idan tana dama. Tsohon Injiniya, wanda bai san tushen abin ba, ya lura gine-ginensu duk suna da matakala iri ɗaya, ya fara gaya wa mutane cewa salon ofishinsa ke nan. Har ya rasu yana alfahari da ita. Gidan da ba shi da bene ma bai tsira ba. Manhajar tana jera zane shimfiɗa-shimfiɗa, ana iya kashe shimfiɗa ɗaya ta ɓace daga gani ba tare da an taɓa abin da ke kanta ba. Haka Baba yake yi. A takarda gida ne na ƙasa mai faffaɗan falo; a cikin fayil kuwa, matakala na nan tsaye a tsakiyar falon, ba ta zuwa ko'ina.

Ciwon bai tsaya kanta ba. Kowace sabuntawa sai ta ƙaro wani abin da ba a taɓawa. Wata bishiya da ake sawa a bakin ƙofa don ado ta shiga sahu. Zanen tayil ɗin banɗaki ya bi. Sai kibiyar da ke nuna arewa, sai wata ƙofa mai ganye biyu, wadda a wasu fayiloli lafiyarta ƙalau, a wasu kuma ko wucewa ta kanta aka yi sai allo ya yi fari. Wanne ne wanne, Baba kaɗai ya sani, kuma bai rubuta a ko'ina ba, a hannunsa abin yake. In ka tsaya bayansa kana kallon yadda yake tuƙa kibiya, sai ka ce mutum ne ke ratsa ɗakin da yara suka yi barci a ƙasa.

Masu digiri sun zo ofishin sun tafi. Kowannensu a makon farko yakan buɗe fayil, ya ja kibiya ya zaɓi komai gaba ɗaya kamar yadda aka koya masa, ya rasa aikin yini. Kowannensu ya ce fayilolin nan ruɓaɓɓu ne, ya kamata a zubar a sake. Gaskiya suka faɗa. Sai dai a ofishin babu ranar da ba a jiran wani zane, don haka kowa yakan yi tsarinsa a takarda ya miƙa wa Baba ya shigar. Duk aiki ta hannunsa yake bi, ba don ya fi kowa iya zane ba, sai don shi ya san inda ramuka suke.

Kada a ɗauka bai nemi magani ba. Akwatin nan mai ba da haƙuri yana da wani fili da ke cewa a bayyana abin da ya faru a aika wa kamfanin da ya yi manhajar. Kowa rufe shi yake yi da tsaki. Baba kuwa yakan gyara zama ya fara da gaisuwa, ya tambayi lafiyar ma'aikata da iyalinsu, sannan ya ce matakalar nan ce dai ta ranar nan, yana fatan za a duba. Ya aika irin wannan saƙo har gashinsa ya yi fari. Amsa ba ta taɓa zuwa ba, shi kuma bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake yi mutanen suna da aiki da yawa.

A gida ma haka yake tafiyar da rayuwarsa. Matarsa, mai ɗinki ce, ta gaji da maganar famfon tsakar gida wanda sai an murɗa shi rabi a dawo da shi kaɗan yake ba da ruwa. In ta ce a kira mai gyara, sai ya ce ai in mutum ya san hannunsa lafiya lau yake. Akwai makunnin wuta a ɗakin baƙi da ba a kunnawa in ana guga. Akwai kuma maganar shagon ubansu, wanda ƙanensa ya sayar ba da saninsa ba. Suna gaisawa, suna zuwa dubiya, ba wanda ya taɓa kai kibiya wurin. Yaransu sun girma sun bar gida sun san duk waɗannan wurare, kamar yadda 'ya'yan wasu suke sanin tatsuniyoyi. Matar takan ce wa ƙawayenta ta auri mutumin da bai taɓa fasa komai ba, bai kuma taɓa gyara komai ba.

Bayan rasuwar tsohon Injiniya, ɗansa ya gaji ofishin. Shi ma injiniya ne, mai ladabi, wanda Baba ya sha ɗauka a kafaɗa yana ƙarami. Shi ya samo aikin da ya fi duk wanda ofishin ya taɓa gani: sabon ɓangare na wani asibiti, mai hawa biyu. Sharaɗin aikin ɗaya ne. Ba takarda za a kai ba, fayil ɗin kansa za a aika, domin injiniyoyin wani kamfani su ɗora bututun ruwa da wayoyin lantarki a kai. Aka aika da safe. Kafin azahar waya ta shigo. Mutanen can, da yake ba su da Baba a bayansu, sun danna matakala. Suka dawo da fayil ɗin da kalamai masu taushi: ba za su sake buɗe shi ba sai an tsabtace shi, in kuma hakan zai yi wuya, akwai ofisoshin da fayilolinsu ba sa cizo.

Ƙaramin Injiniya ya kira Baba ɗakinsa, ya tashi ya ba shi kujera, ya rufe ƙofa.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. In aikin nan ya kuɓuce, ofishin ba zai iya riƙe kowa ba. Har kai."

Baba ya ce za a duba, ranka ya daɗe.

Mai Lissafi, wanda ke ƙiyasta siminti da rodi, teburinsa na kusa da na Baba, kuma sun daɗe suna tsokanar juna. Da ya ji labari sai ya jawo kujerarsa, ya rage murya. Ya ce shi dai ya daɗe yana kallon ikon Allah: wasu sana'a ke ciyar da su, wasu gado, Baba kuwa ciwo ne ke ciyar da shi.

"Tsoho, ranar da matakalar nan ta warke, ranar kai za ka kwanta. A gyara na asibiti kawai, su ɗauki abinsu su tafi. Sauran ka bar su da ciwonsu. Garin gyaran gira kar ka rasa ido."

Baba ya ce shi ma'aikacin zane ne, ba mai gadin rami ba. Mai Lissafi ya ce to ya je ya tambayi wanda ke sa hannu a takardar albashi wanne daga ciki yake biya.

A kwanakin da suka biyo baya, Baba ya yi iya yinsa. Manhajar tana da umarnin da ke binciken fayil ya gyara kurakurai. Ya ba ta, ta yi ta lissafi, ta sanar da cewa ta sami kurakurai masu yawa ta kuma gyara su duka. Ya danna matakala, allo ya yi fari. Ya rufe akwatin gefe mai nuna bayanin duk abin da aka zaɓa. Wannan karon matakalar ta tsaya daidai numfashi ɗaya kafin komai ya mutu, abin da Baba ya ɗauka ci gaba ne har ya gaya wa matarsa. Ya kashe hasken da ke bin abu in kibiya ta wuce ta kansa. Ya sa aka cire manhajar aka sake sawa. Ya gwada a kwamfutar Injiniya, ita ma ta faɗi, tare da wasiƙar da Injiniya ke rubutawa. A ƙarshe ya sayo sabon linzami da kansa, don ya fara zargin ko hannun ne. Mai Lissafi ya ce saura a canza mai hannun.

Ganin wa'adi na matsowa, Injiniya ya ɗauko wata mata da ke koyar da manhajar a makarantar sana'a, tana kuma zagaya ofisoshi gyara. Magidanciya ce, ba ta da gaggawa, ga tabarau a rataye a wuya. Ta gaida Baba da girmamawa, ta nemi izinin zama a kujerarsa, abin da ba wanda ya taɓa yi. Ta danna matakalar da gangan, ta zuba ido ta kalli yadda manhajar ke mutuwa, kamar likita mai sauraron tari. Sannan ta buɗe fayil ɗin ta wata hanya, ta jero sunayen duk abin da ke cikinsa. Jerin ya yi ta gudu bai ƙare ba. Akwai shimfiɗa mai sunan wani masauki da aka rushe tuni, akwai ta gidan mutumin da 'ya'yansa suka riga suka raba gado. Ta cire tabarau ta tambaya ko asibiti ne ko maƙabarta.

Bayaninta bai yi tsawo ba. Ta ce kamfanin da ya zana matakalar ya yi amfani da wani ƙarin kayan aiki da ofishin nan bai taɓa mallaka ba. Manhajar tana ganin jikin matakalar, amma ba ta jin yarenta. Tsohuwar manhaja ba ruwanta da tambaya. Sabuwar kuwa, da an zaɓi abu sai ta tambaye shi ko shi wane ne, amsar da matakala ke bayarwa ita ke shaƙe ta. Bishiya da tayil da sauran duk dangi ne, daga zane-zanen baƙi aka kwaso su. Maganin shi ne a kira su da sunan jinsinsu ba tare da an danna su ba, a farfasa su su koma layuka zalla, a kwashe mai kyau a zuba a sabon fayil, a share tarkacen da ya rage. Na asibiti, in ji ta, aikin yamma ɗaya ne. Amma irin waɗannan abubuwa sukan ɓuya cikin wasu abubuwan, da sunaye daban-daban, a shimfiɗun da aka kashe. In babu wanda ya san inda suke, bin su ɓata lokaci ne, ita kuma don fayil ɗaya aka kira ta.

Ta juyo ta dubi Baba.

"Baba, wannan ne kaɗai, ko akwai saura?"

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa. Mai Lissafi ya yi wani tari da ba na mura ba. Baba ya dubi allo. Shekara da shekaru yana rubuta wa mutanen da bai sani ba labarin matakalar nan, yau ga mutum a zaune a gabansa, da ido da kunne, tana tambaya.

"Akwai saura, 'yata. Duka ne."

Injiniya ya ce tun da ta zo, a yi mai gaba ɗaya.

Waɗanda suka san Baba sun ce ba su taɓa ganinsa cikin walwala irin ta wannan makon ba. Ya zauna gefenta a kan kujerar roba yana ba ta tarihin zuri'ar: wane fayil ya haifi wane, a wane aiki bishiya ta shigo, wace ƙofa ce mai lafiya wace ce mai cuta, ina ya ɓoye matakala a gidajen ƙasa. Bai rage komai ba. Abin da ya manta da rana, sai ya tuno a hanyar gida ya kawo mata da safe. Ita kuma tana ta haɗa wani ɗan umarni da zai bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya ya yi musu wanka. Takan ce masa da duk ofisoshi suna da irinsa, da aikinta ya yi sauƙi. Mai Lissafi ya daina tsokana, wanda a wurinsa alamar ta'aziyya ce.

Ranar da ta gama, ta buɗe zanen asibiti ta tura masa linzami ta ce ya danna. Hannunsa ya ƙi zuwa. Sai da ya kewaye matakalar kamar yadda ya saba, sannan ya dawo ya danna. Ƙananan ɗigogi shuɗɗa suka fito a jikinta. Allo bai yi fari ba. Ya ja ta hagu, ta tafi hagu. Ya tsaya yana kallonta a wurin da bai taɓa ganinta ba, sannan ya mayar da ita inda take. Aka tafa masa. Aka aika fayil, kamfanin can ya karɓa, aiki ya tsira.

Ba a jima ba hukumar asibitin ta ce matakalar ta yi ƙunci, gadon marar lafiya ba zai juya a lanƙwasarta ba, a zana wata mai faɗi. Injiniya ya miƙa wa Baba. Baba ya goge tsohuwar, ya zauna gaban gurbin da ta bari. A nan ya gane cewa rabonsa da zana matakala tun kafin a haifi autarsa. Ya san ka'idar tsawon taki da faɗinsa a da, amma ilimin da ba a taɓawa shi ma yana da nasa ciwon. Ya yi ta ja yana gogewa har aka tashi. Washegari wata mai tsara gini da ke ofishin, wadda a da ita ma takarda take miƙa masa, ta ce bari ta rage masa aiki. Kafin shayinta ya huce ta gama, kuma ta yi kyau.

Mai gyara ta bar wa ofishin tsabtataccen shafi na farawa, Injiniya ya kafa doka cewa duk sabon aiki daga shi za a tashi, ba a ƙara haihuwar zane daga zane. Doka ce mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. A gaban farin shafi Baba ya zama kamar baƙo a garinsu. Yana zana abu daidai, amma a hankali, kibiyarsa tana kauce wa ramukan da aka riga aka cike. Sauran suka ga ba sai sun bi ta teburinsa ba, suka daina bi. Ba wanda ya yi masa rashin kunya. Ana gaishe shi da safe, ana tambayarsa iyali, ana wucewa. Sau ɗaya ya ga mai tsara gini ta ja kibiya za ta zaɓi komai a wani tsohon zane, bakinsa ya riga shi, ya ce kar a taɓa. Ta yi murmushi ta ce ba komai Baba, ta danna. Ba abin da ya faru.

Asibiti ya jawo wasu ayyuka, ayyukan suka buƙaci injiniyan lantarki na ofis, shi kuma yana buƙatar tebur, ofishin kuwa bai ƙara faɗi ba. Injiniya ya sake kiran Baba, ya sake tashi ya ba shi kujera. Ya yi magana mai tsawo a kan amana, da yadda marigayi yake yabonsa, da yadda shi ne ya ceci aikin asibiti. Ya ce mutum kamarsa bai kamata yana hawa matakalar shagon fenti kullum da waɗannan gwiwoyi ba. Daga yanzu mai ba da shawara ne. Ya zauna a gida ya huta, in wani abu ya taso za a kira shi. Idon Injiniya ya kawo ruwa, kuma da gaske yake. Baba ya yi godiya, har ya ba shi haƙuri.

Aka ce ya zauna da mai tsara gini ya damƙa mata abin da ya sani kafin ya tafi. Ta zo da takarda da biro. Baba ya buɗe baki, ya ga duk abin da zai faɗa gargaɗi ne a kan abubuwan da ba su nan. Ya gaya mata cewa firinta tana cin takarda in an cika mata tire. Ta rubuta, don kada ya ji kunya.

Yanzu yana gida. Da safe yakan yi wanka ya sa kaya kamar mai fita, ya zauna a ƙofar ɗaki kusa da keken ɗinkin matarsa, waya a cinya, cike da caji. Matar ba ta ce masa ai an gaya maka ba. Ta dai ba shi aikin zare mata tsohon ɗinki, wanda yake yi da tsabtar hannu.

Wata ranar hantsi wayar ta yi ƙara, lambar ofis ce. Baba ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka, matar ta tsayar da keke. Mai Lissafi ne. Ya tambayi jiki, ya ce ofis ya yi shiru babu abokin faɗa, ya ce a'a, babu abin da ya lalace, komai na tafiya sumul. Dama ana share wuri ne aka ga matashin da Baba yake ɗorawa a kujera, shi ne Injiniya ya ce a tambaya ko a aiko masa.

"A bar wa sabon injiniyan," in ji Baba. "Kujerar tana da ƙusa a gefen hagu. Ka ce masa kar ya zauna babu matashin."

Mai Lissafi ya sassauta murya.

"Tsoho, ai an canza kujerar."

Baba ya ce to madalla, hakan ya fi. Suka yi sallama. Matarsa ta dube shi, ta miƙa masa wata rigar, ta ci gaba da taka keke.